Ragtaim: Yadda jikokin bayi suka mayar da fiyano ganga a Amurka

A Kankiya ko Kusada, idan aka ce "kiɗan fiyano", abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne waƙoƙin finafinan Hausa da na siyasa da na biki, waɗanda ake haɗawa a situdiyo da na'urar Yamaha, sannan masu turi su zuba wa jama'a a waya a bakin kasuwa. Dattawa da dama suna yi wa wannan kiɗa kallon baƙon da ya kori ɗan gida, domin tun da ya samu gindin zama makaɗan kalangu suka fara rasa gayyatar biki da suna. Ƙorafin nasu yana da tushe. Sai dai an yi wani zamani, a wata ƙasa mai nisa, da labarin ya kasance akasin haka, wato fiyano ne ya ba ganga mafaka lokacin da aka raba masu ita da ita. Kiɗan da wannan haɗuwa ta haifar shi ake kira ragtaim, kuma shi ne ya share wa kiɗan jaz hanya a farkon ƙarni na 20.

Da Turanci ana rubuta sunan "ragtime". Galibin masana tarihin kiɗa sun tafi a kan cewa an gutsuro shi ne daga "ragged time". Kalmar farko tana nufin abin da ya yayyage kamar tsumma, ta biyu kuma a bakin makaɗa tana nufin takin kiɗa. A Hausance ke nan, kiɗa mai yagaggen taki. Sunan ya nuna yadda kunnen da ya saba da kiɗan Turawa ya ji abin da farko: kamar an ɗauki waƙa lafiyayya an keta ta, bugun da ya kamata ya faɗo nan ya faɗo can. Ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa kuwa, babu abin da ya yage. Abu ne da kunnensa ya sani tun yana goye.

Daga turmi zuwa fiyano

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan Kusada lokacin kaka ya ji lugude. Mata biyu ko uku suna daka a turmi ɗaya, taɓarya tana sauka bayan taɓarya ba tare da wata ta karo da wata ba. Wannan saukar taɓarya ita ce takin, ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Can sai wata gwana ta cilla tata sama, ta tafa hannu, ta cafe, ta ci gaba da daka. Tafin nan ba ya faɗowa daidai da saukar taɓarya, a tsakanin bugu biyu yake kutsawa, inda kunne bai zata ba. Shi ne ke sa mai wucewa ya ji kafaɗarsa ta motsa. Da za a cire tafin, abin da zai rage aiki ne kawai. Da kuma za a cire takin a bar tafin, hayaniya ce za ta rage. Daɗin yana cikin saɓanin da ke tsakanin biyun.

Wannan saɓani da gangan, wato ɗora nauyin sauti a gurbin da ba a saba ɗora shi ba alhali takin asali yana nan daram, shi masana kiɗa na Turai suke kira "syncopation", kuma shi ne ƙashin bayan ragtaim. Abin da makaɗan ragtaim suka yi shi ne raba aikin matan nan tsakanin hannuwan mutum ɗaya. Hannun hagu shi ne taɓarya: ya danna sauti mai kauri guda ɗaya a can ƙarshen fiyano, ya tsallako tsakiya ya danna sautuka uku ko huɗu a haɗe, ya koma, ya dawo, tamkar takun soja a fareti. Hannun dama shi ne mai tafi, yana ɗauke da karin waƙar, yana riga bugu sauka ko ya makara da gangan, wani lokaci ya riƙe sauti ɗaya har ya haye kan bugun da ke biye.

Mai karatu zai iya gwada abin a kan teburin ofis ko kantar shago. A ƙirga ɗaya zuwa takwas da sauri, a yi ta maimaitawa. Hannun hagu ya bugi tebur a kan 1 da 3 da 5 da 7. Hannun dama ya buga a kan 1 da 4 da 7 kawai, wato ya raba takwas ɗin uku, uku, biyu. Hannuwan za su haɗu a kan 1, su rabu a tsakiya, su sake haɗuwa a kan 7. Da farko hannu ɗaya zai riƙa jan ɗaya, amma da zarar ya zauna mutum zai gane cewa ya sha jin wannan tsari a dandali. Rabon uku-uku-biyu yana ko'ina a kaɗe-kaɗen Afirka ta Yamma, yana cikin kiɗan Kuba da Brazil, kuma danginsa ne suka cika hannun daman ragtaim.

Mutanen wannan yanki ba su buƙatar a kai su nesa neman misali. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya kuma taɓa zama kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya a shekarun 1970, ya yi fiye da rabin ƙarni yana waƙa a kan kalangu. A saurari kowace waƙarsa a mai da hankali ga makaɗa maimakon baitoci. Ƙananan gangunan suna riƙe da taki ba sa saki. Babban kalangu, wanda ake matsa tsirkiyarsa a hammata don sauya murya, yana shiga yana fita, yana amsa wa mawaƙi. Shi kuwa Shata yakan jefo magana kafin bugu ko bayansa, 'yan amshi su tare shi a daidai gurbi. Abin da ƙungiya guda take yi a nan, shi mutum ɗaya yake ƙoƙarin yi da yatsu goma a ragtaim.

Kada wannan kamanni ya ja mu ga cewa daga Hausawa ragtaim ya fito. Bayin da aka kai Arewacin Amurka akasarinsu an kwaso su ne daga yankin Senegal da Gambiya, da gaɓar Ghana ta yau, da kudu maso gabashin Najeriya ta yau, da Kongo da Angola. Hausawan da cinikin bayi ya rutsa da su a farkon ƙarni na 19 sun fi yawa a Bahia ta ƙasar Brazil. Dangantakar ta 'yan uwantaka ce: tushe ɗaya na fahimtar kiɗa da ya game yammacin nahiyar da tsakiyarta, wanda kowa ya ɗebi rabonsa.

Ganga ta haramta, kiɗa bai mutu ba

A 1739 bayi suka yi tawaye a kusa da kogin Stono a yankin Carolina ta Kudu. Shekara guda bayan haka, a 1740, mahukuntan yankin suka kafa doka mai tsanani wadda a cikinta aka hana bayi mallakar ganguna da ƙahoni, saboda tsoron cewa da su suke kiran juna. Tsoron ba na banza ba ne, duk wanda ya san yadda kalangu ko tambari ke isar da saƙo zai shaida. Irin wannan hani ya bazu a wurare da dama na Kudancin Amurkar, ko da yake a birnin New Orleans an daɗe ana barin bayi su taru ranar Lahadi a filin da ake kira Congo Square su yi kiɗa da rawa.

Da aka karɓe ganga, sai kiɗan ya koma jiki. Bayi suka riƙa tafi, suna dukan cinya da ƙirji, suna buga ƙafa a ƙasa, salon da aka sani da "juba". Ya kuma koma cikin banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da bayi suka ƙera da ƙwarya da fata, wanda duk Bahaushen da ya ga tsohon samfurinsa zai tuna da gurmi ko garaya. Masu bincike sun fi danganta shi da molayen Senegal da Gambiya, musamman akontin na ƙabilar Jola. Sai kuma wata rawa da ake kira "cakewalk", wadda bayi suka ƙirƙira suna kwaikwayon taƙamar iyayengijinsu a wuraren rawa, a ba gwanaye kyautar kek. An ce iyayengijin sukan zauna su yi ta dariya, ba su san da su ake ba.

Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865 aka kuma soke bauta, baƙaƙen fata suka samu kusantar fiyano a coci-coci da makarantu da gidajen shaye-shaye. A lokacin kiɗan da ya fi tashe a ƙasar shi ne na badujala, irin na John Philip Sousa, mai taki bibbiyu kamar tafiyar soja. Daga nan ragtaim ya aro hannun hagunsa da tsarin gininsa: zango uku ko huɗu, kowanne mai gaɓa 16, ana maimaita kowanne kafin a wuce na gaba. Hannun dama kuwa daga banjo da juba da rawar kek ya gado. Makaɗa masu yawo gari-gari a kwarin kogin Mississippi su suka fara haɗa biyun, ba tare da sun rubuta komai ba. A 1893, lokacin babban baje kolin duniya a Chicago, da yawansu suka hallara a gidajen rawa da ke kewayen filin, baƙi daga ko'ina suka ji sabon salon suka koma gida da labarinsa.

A 1897 aka fara buga shi a takarda da sunansa. Wani Bature shugaban 'yan badujala, William Krell, ya fitar da "Mississippi Rag" a farkon shekarar, kafin ƙarshenta kuma Tom Turpin na birnin St. Louis ya fitar da "Harlem Rag", wanda ake ɗauka shi ne na farko da baƙar fata ya wallafa. A lura da wanda ya riga isa maɗaba'a. Wannan tsari, na mai abu ya zo na biyu a kasuwar abinsa, ya daɗe yana bibiyar kiɗan baƙaƙen Amurka.

Kwabo ɗaya a kan kowace takarda

A nan ne Scott Joplin ya shigo. An haife shi a jihar Texas wajen 1868, ya tashi a garin Texarkana. Mahaifinsa tsohon bawa ne mai goga goge irin na Turawa, mahaifiyarsa kuma tana kaɗa banjo tana waƙa, tana aikatau a gidajen Turawa, inda yaron ya samu damar taɓa fiyano. Wani malamin kiɗa Bajamushe mai suna Julius Weiss ya ga hazaƙarsa ya koyar da shi kyauta. Wato tun yana yaro ya haɗa gado biyu, na uwa da na malami. Daga baya ya zauna a Sedalia, wani garin jirgin ƙasa a jihar Missouri, ya yi karatun kiɗa a kwalejin George R. Smith ta baƙaƙen fata, yana kaɗa fiyano a kulob-kulob da dare.

A 1899 ya kai wa wani mai shagon kayan kiɗa a garin, John Stark, wani kiɗa da ya tsara mai suna "Maple Leaf Rag". A wancan zamani faifai bai yaɗu ba, rediyo kuwa babu shi. Hanyar sayar da kiɗa ita ce a buga shi a takarda da alamomin da makaɗa ke karantawa, mutum ya saya ya je gida ya kaɗa da kansa. Kasuwa ce babba, domin fiyano ya zama alamar rufin asiri a gidajen Amurkawa, har a 1909 kaɗai masana'antun ƙasar sun ƙera fiye da 350,000. Al'adar 'yan kasuwar ita ce su ba mai kiɗa 'yan daloli sau ɗaya, su mallake aikin har abada. Joplin bai bi wannan hanya ba. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu da Stark ta ba shi santi ɗaya, wato kwabon Amurka, a kan kowace takarda da aka sayar.

A shekarar farko kimanin 400 kawai aka sayar, abin da bai wuce dala huɗu ba. Wanda ya karɓi kuɗinsa a dunƙule zai yi masa dariya. Amma kiɗan ya ci gaba da tafiya, cikin shekara goma an sayar da wajen rabin miliyan, kuma kwabon nan ya riƙa shigo masa har ƙarshen rayuwarsa. Bai yi arziki ba, amma ya samu abin da ya ba shi sukunin zama ya yi tsari da koyarwa. Ɗan kasuwa zai gane lissafin nan da sauri fiye da mawaƙi, kuma har yau, bayan Najeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, yawancin yaran da ke haɗa kiɗan fiyano a situdiyoyin Kano da Katsina kuɗin aiki ake ba su sau ɗaya, sunansu ma ba ya fitowa a jikin waƙar da suka yi wa kiɗa.

Joplin ya ci gaba da fitar da wasu, ciki har da "The Entertainer" a 1902. Shi da James Scott da Joseph Lamb, wanda Bature ne, su ake ɗauka manyan ginshiƙan salon, kuma duk Stark ne ya wallafa su. Abin da ya fi damun Joplin shi ne yadda makaɗan mashaya suka mayar da ragtaim tseren yatsu. A kan takardunsa da dama ya sa gargaɗin cewa kada a yi gudu da kiɗan, a 1908 kuma ya fitar da ɗan littafin darussa don nuna yadda ake ba kowane sauti haƙƙinsa. Yana da gaskiya. Idan aka yi gaggawa, tazarar da ke tsakanin hannun hagu da na dama takan toshe, saɓanin da shi ne ran kiɗan ya ɓace.

Duk da farin jininsa, manya ba su karɓe shi ba. Limaman coci da malaman kiɗa da editocin mujallu sun yi ta sukarsa a matsayin kiɗan mashaya da gidajen karuwai mai lalata tarbiyyar matasa, kuma ƙyamar launin fata ba ta ɓuya a cikin sukar. A 1901 ƙungiyar makaɗa ta Amurka ta zartar da ƙudurin neman mambobinta su guje shi. Wannan ma ba baƙon labari ba ne a wurinmu, inda ake rawa da kiɗan makaɗi a kuma hana shi auren 'ya. Shata kansa sai da ya yi fama da mahaifinsa, wanda bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Abin mamaki, yayin da ake kushe ragtaim a gida, manyan masu tsara kiɗa na Turai irin su Claude Debussy a Faransa da Igor Stravinsky ɗan Rasha suna ɗibar salonsa suna sakawa a ayyukansu.

Joplin ya so ya nuna cewa kiɗan mutanensa zai iya ɗaukar babban aiki. Ya tsara wasan kwaikwayo na waƙa mai suna "Treemonisha", labarin wata yarinya mai ilimi da ta ja ragamar ƙauyensu na 'yantattun bayi ta raba su da bokaye masu cin kuɗinsu. Babu mawallafin da ya karɓa, sai ya buga da kuɗinsa a 1911, kuma bai ga an shirya shi cikakke a dandamali ba. Ya rasu a wani asibitin masu taɓin hankali a New York ranar 1 ga Afrilu, 1917, aka binne shi a kabarin da ba a sa wa alama ba.

Abin da ya gada

A farkon wannan shekara ta 1917 ne aka fitar da faifan jaz na farko, kuma daga nan tauraron ragtaim ya fara dusashewa. Bambancinsu a taƙaice shi ne ragtaim rubutacce ne, ana kaɗa shi yadda aka tsara, jaz kuwa yana ba makaɗi damar ƙirƙira nan take, kamar yadda Shata kan ƙago baiti a tsakiyar fili. Amma jaz bai yar da gadon ba. A New Orleans, Jelly Roll Morton ya sassauta takin ragtaim ya ba shi rangaji. A unguwar Harlem ta New York, James P. Johnson da Willie Smith da Fats Waller suka faɗaɗa tsallen hannun hagu har aka sa wa salonsu suna "stride", wato dogon taku. Da yawa daga gwanintarsu a ɗakunan haya aka goge ta, a liyafar da masu haya kan shirya su karɓi kuɗin shiga don haɗa kuɗin wata, abin da ya yi kama da ajo a wurinmu. Kiɗan Johnson mai suna "Carolina Shout" ya zama gwajin da kowane matashin makaɗi sai ya haye, har Duke Ellington da shi ya koyi hannu.

Daga baya kiɗan ya waiwayo gida. A 1960 Louis Armstrong, mai busa ƙaho ɗan New Orleans, ya zagaya ƙasashen Afirka, ya zo Najeriya, har ya gana da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a Kaduna. A daidai wannan lokaci Fela Kuti yana karatun kiɗa a Landan yana koyon jaz, wanda daga baya ya gauraya da kaɗe-kaɗen gida ya fitar da nasa salon.

Shi kuwa Joplin sai da ya shekara fiye da hamsin a kabari kafin a tuna da shi. A 1970 wani makaɗi masani, Joshua Rifkin, ya ɗauko takardunsa ya kaɗa su a faifai a natse, yadda mai su ya yi wasiyya, faifan ya samu kasuwar da ba a zata ba. A 1972 aka shirya "Treemonisha" cikakke a birnin Atlanta. A 1973 fim ɗin "The Sting" ya yi amfani da "The Entertainer", kiɗan ya zagaye duniya, har ya zama ɗaya daga cikin sautukan da ake ji a wayoyin hannu da kayan wasan yara, ta yadda mai yiwuwa ne mai karatu ya san shi ba tare da ya san sunansa ba. Abin da ya sa wannan farfaɗowa ta yiwu shi ne takarda: kowane sauti da Joplin ya nufa yana rubuce, wanda bai taɓa ganinsa ba zai iya zama ya kaɗa shi daidai. Baitocin Shata an rubuta da yawansu, an yi nazarinsu a jami'o'i, an kuma wallafa tarihinsa, amma abin da makaɗansa suke yi da kalangu yana cikin kaset da hannun 'yan tsirarun da suka koya daga gare su, waɗanda fiyanon situdiyo ke rage wa kasuwa kowace shekara. A 1974 aka sa wa kabarin Joplin alama, a 1976 kuma aka ba shi lambar yabo ta Pulitzer, shekara 59 bayan rasuwarsa.